Ƙofa Ta Uku, Shuɗiya

Ni ne na fitar da Hajiya Kande daga Jidda, kuma da bakina na fitar da ita. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don kada mai karatu ya yi ta bin labarin yana jiran ya ji yadda aka zalunce ni a ƙasar mutane. An cuce ni kam, amma cutar da aka yi mini ba ta taka kara ta karya ba.

Sunana Lawal, mutanen Funtuwa suna ce mini Lawal Kaboyi. Ubana makaɗin garaya ne, na maharba. Na tashi da garaya a hannu amma kunnena yana wajen rediyo, don akwai wani shiri da ake sa waƙoƙin Amurka ranar Lahadi da rana, waɗanda muke kira waƙar kaboyi: mutum ɗaya da jitarsa yana ba da labarin matarsa da ta tafi, ko jirgin ƙasan da ya wuce ya bar shi. Da na je Kaduna na samu wata tsohuwar jita wajen wani ma'aikacin reluwe na koya. Sai na zama ba nan ba can. Maharba su ce na ɓata garaya, 'yan boko su ce na ɓata jita. Shi ya sa da wani ejan ya ce mini Hausawan Jidda suna neman mawaƙin biki ido rufe, ban yi shawara da kowa ba. Farkon shekarun tamanin ne.

Muka yi umra, muka aske kai. A ƙofar masauki ejan ya tattara fasfo ɗinmu cikin jakar leda, ya ce za a buga mana izinin zama, mu riga shi zuwa Jidda mu jira shi a wani wurin shan shayi kusa da tashar jiragen ruwa. Mu bakwai ne. Rana ta farko muna ta hira, kowa yana faɗin tsarabar da zai kai gida. Rana ta biyu mai shayin ya fara ɗauke kujerunsa in mun tashi salla. Rana ta uku sauran shidan suka watse, kowa ya bi wani ɗan garinsu, ni kuwa na zauna a gindin bango da ƙunshin kayana. Ban yi kuka ba, ban ma yi fushi ba. Zafin Jidda mai ɗanshi ne, yana shiga kan mutum ya kashe masa tunani.

A nan wata dattijuwa ta same ni, gajera, kakkaura, ta yafa baƙin mayafi irin na matan can amma tsagar fuskarta ta gida ce. Ta kawo wa leburorin tasha tuwo ne, tana komawa da kulolin da aka cinye.

Ta ce, "Kai, ɗan nan, ejan ne?"

Na ce, "Ejan ne, Hajiya."

"Mai haƙorin Makka biyu a sama?"

"Shi ne."

"To ka daina kallon hanya kada wuyanka ya ƙage. Ɗauki kular nan ka biyo ni. Wannan sandan fa, gurgu ne kai?"

Na ce wuyan garaya ne, ƙoƙon yana cikin ƙunshi, na naɗe shi da harami.

Ta tsaya cak ta dube ni daga sama har ƙasa. "Garaya? A Jidda? La'ilaha illallahu. Uwarka ta san ka taho kuwa?"

Ita ce Hajiya Kande, 'yar Gumel. Gidanta yana Mahjar, cikin wani lungu, ɗaki biyu da tsakar gida da bai fi tabarma uku ba. Ta ba ni saman rufi kusa da tankin ruwa. Daga ranar na koma ce mata Inna, don ban ga wani suna da ya dace ba. Tana da 'ya ɗaya, Su'ad, budurwa mai shekara ashirin, wadda aka haifa a cikin ɗakin nan, ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta yi magana sai ta fara da Hausa ta ƙarasa da Larabci. Ita da uwar babu mai iƙama, wato takardar zaman ƙasa. Su'ad ma ko takardar haihuwa ba ta da ita.

Inna ta ba ni dokoki biyu kafin ta ba ni tuwo. In na ga motar askarawa kada in gudu, kada kuma in tsaya kallo. Na biyu, ko wa ya tambaye ni, ko da Bahaushe ne, kada in faɗi inda nake kwana.

Wata rana ina taya ta tsince shinkafa na tambaye ta ko ba ta marmarin gida. Sai ta shiga ɗaki ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Farin ƙyalle ne a ninke, yana ƙanshin kafur.

Ta ce, "Likkafanina ne, da zamzam na wanke shi. Da ƙafa muka zo ƙasar nan ni da maigidana Malam, ta Sudan, shekara uku muna tafiya muna noma a hanya. 'Ya'ya biyu na binne kafin mu ga teku. Malam yana kwance a Makka. Ni ma can za a kai ni, kusa da shi. Shekarata ashirin da shida ina ɓuya a lungun nan, ba don tuwo nake yi ba, don wannan nake yi."

Ta rufe akwatin ta tura shi inda yake, ta ce in kula akwai tsakuwa a shinkafar.

Bikin da ejan ya ce ana nemana in yi masa waƙa, ban gan shi ba. Abin da na gani bokiti ne da tsumma. Wani ɗan Zinder ya bar mini layinsa na wankin mota a Safa, unguwar sababbin benaye, inda kowane gida da mota biyu. In fita bayan asuba, in wanke mota goma sha huɗu kafin rana ta yi ƙarfi, in dawo in kwanta a inuwar tanki. Wata takwas ina haka. Garaya tana nan a kwance ban ɗaura mata tsirkiya ba. In an tambaye ni yadda nake sai in ce lafiya, kuma ba ƙarya nake ba, don babu abin da ke yi mini ciwo. Babu kuma abin da ke yi mini daɗi.

Wata Alhamis ina wanke wata farar mota a ƙasan wani bene, sai na ji jita daga garejin da ke bayana. Ba irin bugun da na sani ba ne. Tsirkiyar tana kuka ne tana jan murya kamar mace a gidan mutuwa. Na ajiye tsumma na leƙa. Wani baƙin mutum ne dogo, da gemu, yana zaune a kan injin sanyaya ɗaki da aka kwance, ya sa wuyan kwalba a ƙaramin yatsansa yana goga shi a kan tsirkiya. Ban san lokacin da na fara bin sa da murya ba, da wani amshi na maharba da ubana yake yi.

Ya ɗago kai ya ce, "Sake yi."

Da Turanci ya faɗa, ni kuma ina da ɗan Turancin Kaduna. Inda Turanci ya ƙare sai mu ci gaba da guntun Larabcin da kowannenmu ya tsinta. Sunansa Yusufu, Ba'amurke ne daga kudancin ƙasarsu, ya musulunta shekara biyar kafin nan, ya zo aikin gyaran injinan sanyi a wani kamfani. Shi yana da iƙama da kafili, wato mai tsaya masa a wajen hukuma, da komai. Waƙa yake rubutawa tun yana saurayi. Ya ce kakarsa mawaƙiyar coci ce, ubansa direban babbar mota ne da ba ya jin komai sai waƙar kaboyi, kawunsa kuma shi ya koya masa wannan kiɗan kukan na baƙaƙen Amurka da suke kira bulus. Shi kuma ya haɗa ukun a tukunya ɗaya. Duk inda ya kai waƙoƙinsa sai a ce masa ya zaɓi ɗaya, har ya gaji ya nemi aiki a ƙasar da ba a kiɗa a fili.

Na ce, "Ni ma an ce in zaɓi ɗaya."

Ya yi dariya har kwalbar ta faɗi daga yatsansa.

Alhamis ta gaba na ɗaura wa garaya tsirkiya na sa ta a buhun shinkafa na kai masa. Ya karɓe ta da hannu biyu, ya daɗe yana shafa fatar. Ya ce a garinsu akwai wani abin kiɗa mai suna banjo, tsofaffi suna cewa bayi ne suka zo da shi, bai taɓa tsammanin zai riƙe kakar banjon a hannu ba. Ni dai garaya na sani, ta ubana ce, an ɗinke ta sau biyu. Muka rufe gareji muka fara. Ni in riƙe gindin kiɗa da garaya, shi ya yi ta yawo a sama da kwalbarsa. Wata huɗu duk Alhamis muna haka. Ya koyi amshi da Hausa, yana faɗa kamar bakinsa cike da goro. Ba zan ɓoye ba, a cikin garejin nan ne kawai nake jin cewa ni ne Lawal.

Akwai abin da yake yawan faɗa mini in na kawo sabuwar waƙa. "Ɗan'uwa, kana cewa wani gari, wata mata. Wane gari? Wace mata? A wurinmu waƙa mai kyau tana da hanya ta gaske a ciki, wadda mutum zai bi ya je ya ga ƙofar."

Na ce ai mu ma haka ne, mawaƙin da bai ambaci mutane ba bai yi waƙa ba.

Da na kai shi Mahjar, Inna ta zuba masa tuwo da miyar kuka ta zauna tana kallon yadda yake ci. Ta ce, "Wannan ai Bakano ne aka sace kakansa. Dubi goshinsa." Su'ad ta ce daga bayan labule, "Ummi, haram alaiki, ki bar mutum ya ci abinci."

Bikin da na zo dominsa sai da na shekara ɗaya da rabi sannan ya zo. Wani tela, Malam Idi, cikin Hausawan Sudan, aka yi masa haihuwa bayan shekara goma sha ɗaya da aure. Ya ce ko za a ɗaure shi sai an yi kiɗa a sunan nan. Gidansa yana Sa'alaba, tsohon gini mai faɗin tsakar gida. Ranar Juma'a bayan la'asar aka rufe ƙofa, aka toshe ƙasanta da bargo. Mutane sun fi sittin. Yusufu ya sa kaftani da hular da Malam Idi ya ɗinka masa, ya ajiye rikodarsa a kan kujera ya danna.

Wanda bai san al'adarmu ba, bari in gaya masa. In makaɗi yana waƙa a taro, mutum yakan matso ya raɗa wa sanƙira sunansa da garinsu, sanƙira ya ɗaga murya ya miƙa wa mawaƙi, mawaƙi ya saƙa shi cikin waƙa. Wanda ba a ambata ba kamar bai zo ba ne. To waɗannan mutane, wasu shekara goma, wasu ashirin, ba wanda ya taɓa kiran sunansu da ƙarfi a wuri. Da suka ga rikoda tana juyawa, aka ce kaset ɗin zai je gida da alhazai, sai layi ya tashi. Surukin Malam Idi ne ya zama sanƙira. Wannan ya ce a faɗi yana gadi a Mahjar bayan gidan burodi. Waccan ta ce a faɗi tana kitso a Sa'alaba kusa da famfo. Kowa yana so danginsa su ji cewa yana raye kuma yana da ƙofa.

Inna ba ta bi ta sanƙira ba. Ta zo da kanta ta durƙusa kusa da kunnena.

Ta ce, "Ina da ƙane a Gumel, Habu. Wasiƙa ba ta zuwa mini, ba ni da akwatin gidan waya. Duk shekara 'yan garinmu suna zuwa Hajji su neme ni su rasa. Ka sa hanyar gidana a ciki, tun daga titi."

Na ce, "Inna, dokarki fa?"

"Da Hausa ce. Wane Balarabe zai ji?"

Na dubi Yusufu, bai san me muke cewa ba, ya gyaɗa mini kai kawai ya ja kwalbarsa. Sai na ɗauka:

In ka sauka Mahjar, baƙon Allah,
Bar masallaci mai guntuwar hasumiya a damanka,
Shiga lungun mai facin taya,
Ƙofa ta uku, shuɗiya, da tanki a kanta,
Nan Kande 'yar Gumel take tuƙa tuwo.

Mata suka rangaɗa guɗa a hankali, cikin mayafi. Daɗi ya ɗebe ni. Mawaƙi in ya ji guɗa ba ya son ya sauka haka nan, sai ya ƙara abin da zai ɗaga mai waƙar sama da kowa. Sai na ƙara ɗango ɗaya wanda ba ta ce in sa ba:

Shekara ashirin da shida, ba takarda sai ta Allah.

Wurin ya ɗauka gaba ɗaya, don kusan kowa maganarsa ce. Sau uku aka sa na maimaita. Inna tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi. Gida tara na jera a waƙar nan, nata ne na huɗu.

Yusufu ya kwafi kaset uku. Ɗaya aka ba wani mai komawa Kano, ɗaya Malam Idi, ɗaya ni. Na Malam Idi ne wani ya ara ya kai wa mai kwafar kaset a kasuwa. Kafin wata ɗaya ina wanke mota a Safa na ji muryata tana fita daga wata a-kori-kura da ta wuce. Na tsaya da tsumma a hannu ina murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Abin da ya faru bayan nan, direban a-kori-kurar nan, Garba, shi ya ba ni labari daga baya. An tsayar da shi a shingen bincike a hanyar Makka, kaset yana ciki yana juyawa. Takardunsa lafiya lau. Askar ɗin da ya duba su baƙi ne, haifaffen Makka, ya miƙa masa takardun sannan ya tsaya yana saurare. Ya ce da Hausa mai nauyi, "Kakata tana irin wannan waƙa." Ya roƙi kaset ɗin, Garba ya cire ya ba shi, har yana jin daɗi. Mun manta cewa shekaru aru-aru Hausawa suna zuwa ƙasar nan suna haihuwa, jikokinsu suna ko'ina, har cikin kaki.

Ranar wata Talata na dawo daga Safa wajen ƙarfe sha ɗaya na rana. Lungun shiru. Mai facin taya ya rufe. Ƙofar shuɗiya a buɗe take, hayaƙi yana fita. Na shiga na tarar da tukunyar tuwo a kan risho ta ƙone ƙurmus, muciya a tsaye a ciki. Takalmin Su'ad ƙafa ɗaya yana bakin ƙofa. Na kashe risho. Na ɗebo ruwa na zuba a tukunyar don kada ta lalace.

Wani Bayamale, mutumin Yaman, mai kanti a bakin titi ya yafuto ni. Ya ce motoci biyu ne suka zo, ta gaba tana tafiya a hankali. Ya ce, "Akwai kiɗa a ciki, irin naku. Su kunna, su tsaya, su juya kwana, su sake kunnawa." Shi bai san abin da waƙar ke cewa ba. Ni na sani. Gida tara, bi da bi, yadda na jera su. Daga gidan mai gadi suka fara.

Na koma na zauna a tsakar gida har la'asar. Ina jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, bai tsinke ba. Yunwa ma na ji, na kankare gefen tuwon da bai ƙone sosai ba na ci.

Gidan tarhili, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, mai iƙama ne kawai zai iya zuwa ƙofarsa. Malam Idi yana da ita, ya je sau biyu. Ya ce Inna tana zaune a kan bargo, Su'ad kuma tana ta yi wa askarawa bayani da Larabcin da ya fi nasu kyau cewa ita a Mahjar aka haife ta. Bayan sati uku aka sa su a jirgi. Na tambayi Malam Idi ko Inna ta ba da saƙo gare ni. Ya ce ta ce a kashe risho.

Alhamis na je na wanke motar Yusufu. Ya buɗe gareji ya ce in shigo. Na ce yatsana ne ke ciwo. Alhamis ta gaba ma na ce yatsa. Ban gaya masa ba. Na ga yadda yake murna da waƙar nan, yana bitar baitin Inna yana gyara bakinsa, sai na ga ba amfanin mu zama mu biyu. Bayan wata biyar kwantiraginsa ya ƙare. Ya rungume ni a bakin gareji ya ce zai sake gwada waƙa a gida, wannan karon ba zai zaɓi ɗaya ba. Na rubuta masa adireshin wani ɗan'uwana mai shago a Kano. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na koma kan motar da nake wankewa.

Lokacin Hajji na shekarar, kwanaki kaɗan bayan an sa su Inna a jirgi, ina zaune a gidan, don mai gidan ya bar mini ɗaki ɗaya, sai aka yi sallama. Wani magidanci ne da jakar alhazai a kafaɗa, gumi ya jiƙe shi, yana washe baki.

Ya ce, "Wallahi ko tambaya ban yi ba! Masallaci a dama, mai faci, ƙofa ta uku. Ni ne Sale ɗan Habu, daga Gumel. Ina gwaggona?"

Ashe kaset ɗin farko ya isa. Sun taso kafin labarin ya kai garinsu. Na ba shi ruwa ya sha, na gaya masa gwaggonsa tana Nijeriya, wataƙila sun yi saɓani a sama. Sannan na jawo akwatin ƙarfen daga ƙarƙashin gado na ciro likkafanin na sa masa a jaka. Na ce ya kai mata hannu da hannu.

Shekara goma sha ɗaya na ƙara a Jidda. Ba abin da zan faɗa a kansu. Mota ce dai, a wanke ta yau, gobe ta yi ƙura. Hausawan Mahjar ba su zage ni ba, sai dai in na shigo wuri hira takan koma ta farashin tumatir. Garaya na bar ta a saman rufi, rana da gishirin teku suka cinye fatar. Ranar da aka kama ni ina tsaye ne a bakin titi ina jiran bas, motar ta tsaya, na shiga da kaina kafin a ce in shiga.

A Kano na zauna a shagon ɗan'uwana ina gyaran rediyo. Na ji Inna ta rasu a Gumel shekara biyu bayan dawowarta. Ban je gaisuwa ba.

Ina da furfura sosai lokacin da wani ƙunshi ya zo ta gidan waya, bayan ya yi wata da watanni yana yawo. Faifan sidi ne, da hoton Yusufu a jiki, ya tsufa, ya sa hular Malam Idi. Da wasiƙa a ciki. Ya ce ya sha wuya da farko, yana kiɗa a ƙananan wuraren cin abinci mutane suna hira a kansa. Daga baya aka fara gayyatarsa manyan taruka, wannan faifansa na shida ne, yanzu abin da aka ce ya daina shi ake yabonsa da shi. Ya ce waƙa ta huɗu ita mutane suka fi roƙo, duk inda ya je sai ya gaya musu labarin wata mata mai tuwo a Jidda da ta ce shi Bakano ne. Ya ce in gaishe ta, in gaya mata Amurkawa sun haddace hanyar gidanta.

Na sa faifan na ji. Kwalbar tana nan yadda na san ta, an ƙara banjo da muryoyin mata irin na coci. Hausarsa har yanzu da goro a baki. Na ji har ƙarshe na cire na ci gaba da rediyon da ke gabana.

Sai da na yi sati biyu sannan na nemi Su'ad. An ce tana aure a Kurna, tana koyar da Larabci a wata islamiyya. Na same ta a zaure, ta yi ƙiba, ta zama Inna sak, sai dai babu tsaga. Ta daɗe tana kallona.

Ta ce, "Yaya Lawal. Ka tsufa marra, sosai."

Na yi mata gaisuwar da ta makara shekara ashirin da wani abu. Ta amsa. Ta ce likkafanin ya iso, da shi aka binne ta, a bayan gidan Kawu Habu, kusa da wata bishiyar kuka. Ta ce har ta rasu ba ta taɓa zagina ba, kullum cewa take ita ta ce in faɗa.

Sannan ta ce, "Hanya ta ce ka faɗa. Takarda kai ka ƙara."

Na ce, "Ni na ƙara."

Na miƙa mata faifan na yi mata bayani. Ta juya shi ta dubi hoton, ta mayar mini. Ta ce ba ta son ta ji a bakin baƙo.

"Kai ka yi mini. Ina so in tuna, wallahi na fara mantawa. Masallacin a dama yake ko a hagu? Jiya na kwanta ina ta nema, ban samu ba."

Na ce rabona da waƙa tun ranar sunan, ba ni da garaya, muryar ma ta tafi.

"Yalla, Yaya. Ba biki ba ne."

Sai na fara, ba kiɗa, a zauren mutane, da muryar mai gyaran rediyo. Ta rufe ido. In ka sauka Mahjar, baƙon Allah. Na ga hannunta a kan gwiwa ya motsa, ya bar masallaci a dama. Na ce lungun mai facin taya, hannun ya karya kwana. Yatsunta suka ƙirga ɗaya, biyu. Na ce ƙofa ta uku, shuɗiya, da tanki a kanta, nan Kande 'yar Gumel take tuƙa tuwo. Na ja numfashi don ɗangon da ke biye, don baki ya saba, shi yake zuwa bayan wannan.

Ta ɗaga hannu ba ta buɗe ido ba.

Ta ce, "Halas. Tsaya nan, mun iso. Ummi tana ciki."

Na rufe bakina. Muka zauna a bakin ƙofar har aka kira la'asar.